A riƙa tuna Mambila ko babu rikici

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaisuwa tare da fatan alheri ga dukkan ma'aikatanku. Dan Allah ka bani ɗan fili in yi magana a kan garinmu, sabida abun ya daɗe yana cina a rai. Duk sanda naga sunan Mambila a jarida to ɗayan biyu ne, ko maganar dam ɗin nan na lantarki mai megawat 3,050 da muke ji tun muna yara, ko kuma an yi faɗa kamar na 2017, Allah kar Ya maimaita mana. Alhali mutane ne a saman dutsen nan, da tarihinsu da gonakinsu da kasuwanninsu.

Ni a Nguroje aka haifeni, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, kakana fataucin shanu ne ya hawo dashi daga ƙasar Kano ya zauna. Shi ya riƙa bamu labarin cewa da can nan ba Najeriya bace. Jamusawa ne suka fara riƙe yankin a cikin Kamaru, bayan yaƙin duniya na ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin riƙon amana, sai a watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Najeriya. Shi yasa aka kira yankin Lardin Sardauna, don Sir Ahmadu Bello da yayi ta faɗi tashi a kan maganar. Daga baya muka shiga Gongola a 1976, sannan Taraba a 1991. Kaga kenan iyayenmu da hannunsu suka jefa ƙuri'a suka ce nan suke so, kuma wallahi wannan ba ƙaramar amana bace.

Wanda bai taɓa hawa ba bazai gane ba. In ka baro Jalingo ka wuce Bali da Serti, kana kaiwa Mayo Selbe sai hawa ta fara, mota na nishi tana kwana tana kwana, rami a gefe ba'a ganin ƙarshensa, fasinja kowa yayi tsit sai salati, kunnenka ya toshe, can kafin Maisamari sai kaji iska mai sanyi ta bugo ka fara laluben suwaita. Daga nan kuma tuddai ne shar da ciyawa iya ganinka, shanu ƙosassu sun bazu sabida babu ƙudan tsando a sama, ga layin bishiyar turare, hazo na sauka har kan kwanon gida da safe. Chappal Waddi, dutsen da yafi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana nan ɓangarenmu ta bakin iyaka. A Kakara ganyen shayi ake nomawa, Highland Tea da ake sha a birni daga can yake fitowa.

Kuma mu ba ƙabila ɗaya bane. Akwai Mambilawa waɗanda 'yan'uwansu suna tsallaken iyaka a Kamaru, ga Fulani, ga Kaka da Panso da Kambu, ga mu Hausawa. Ranar kasuwa Fillanci ake ciniki dashi, ni kaina dashi na tashi. Maganar fili tsakanin mai noma da mai kiwo gaskiya ce, akwaita, bazan ɓoye ba, amma maƙwabciyarmu Bamambila ita ke goya ƙanwata in mahaifiyarmu ta tafi kasuwa, irin wannan ba'a bugawa.

Abun da yafi damuna hanya ce. Titin kwalta ɗaya ne ke hawa Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumarmu, damina kuma a nan doguwa ce, in ƙasa ta zabtaro ko babbar mota ta maƙale a kwana shikenan kowa ya tsaya. Na taɓa ɗauko buhunan fiya da ayaba zan kai Jalingo muka kwana biyu a hanya, da na kwance buhu rabi ya nuna ya dame, haka na zubar a bakin titi ina kallo. Nawa asarar kuɗi ce, to mai naƙuda da aka ɗauko daga Dorofi ko Mayo Ndaga fa?

Roƙona ga gwamnatin tarayya da ta jiha su dubi titin nan tun kafin ruwa ya sauka. Kai kuma Malam Edita ka turo mana wakilinka ko na sati ɗaya ne, ya hawo lokacin da ake zaune lafiya, ya zaga kasuwar Nguroje ya ji daga bakin mutane. Masauki na wuyana, bargo kawai zai riƙo.

Naka,
Mai karatu daga Nguroje, jihar Taraba