Rahoton ayyukan shekara ga mambobinmu masu wayarin da haɗa tarho a masana'antun Kano

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da sauran 'yan uwa.

Bana mun fi ba da ƙarfi ga haɗa tarho a wuraren da iskar gas, tururin mai ko ƙura ke iya kama wuta. Shugabanni sun zaɓi haka ne saboda da yawanmu muna raina aikin tarho, har a tura yaron shago ya yi shi shi kaɗai. Alhali layin tarho yana ɗauke da wutar lantarki kusan bolt 48, idan kira ya shigo tarhon yana ƙara kuma yakan kai wajen 90. Tartsatsin da zai fita daga nan ya isa ya ta da gobara a wurin ɗura gas, ko a ɗakin da ake tatsar man waken suya da sinadarin heksen.

A bitar da muka shirya, mun bi rabe-raben wurare masu haɗarin fashewa na ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60079: Zon 0, 1 da 2 na gas, sai 20, 21 da 22 na ƙura, irin ta injinan fulawa da shinkafa. Mun kuma koya wa matasa karanta farantin da ke jikin tarho kafin su taɓa sukurdireba. Alamar T6 a kan farantin na nufin zafin jikin na'urar ba zai wuce digiri 85 na Salsiyas ba, T4 kuwa 135.

Ziyarar gani da ido a Sharaɗa, Challawa da Bompai ita ta fi tayar mana da hankali. A wata masana'anta mun tarar da tarho mai tsada, na ainihi, mai alamar Ex d. Amma an shigar da kebul ta giland ɗin roba na kasuwa, wato abin da ke riƙe kebul ya toshe ramin da ya shiga akwati, an liƙe rami na biyu da salatif, kusoshin murfin kuma ba su cika ba. Shi akwatin Ex d an ƙera shi ne don ko gas ya shiga ya fashe a ciki, harshen wutar ya huce kafin ya fito ta matsattsiyar mahaɗar murfin. Da zarar an bar rami a buɗe, kuɗin mai masana'anta sun tafi a banza, ma'aikata kuma suna tsaye kusa da shi hankali kwance. Abin takaici, ɗan sana'armu ne ya yi aikin. Mun roƙi kowa: giland da matoshin rami su zama masu shaidar Ex daidai da akwatin, idan mai aiki ya ce a rage kuɗi ta nan, a haƙura da kwangilar.

Masu haɗa nau'in Ex i kuma, wanda ake taƙaita masa ƙarfin wuta don tartsatsinsa kada ya kunna gas, a tuna kebul ɗinsa, wanda galibi shuɗi ne, ba ya bin hanya ɗaya da wayar wuta, na'urar da ke taƙaita masa ƙarfi kuwa a ɗaki marar haɗari ake ajiye ta. Kada a buɗe murfi sai an yanke layi an karɓi takardar izinin aiki.

Ta fannin zumunci, mun halarci bukukuwa da ta'aziyyar 'yan uwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Har yanzu akwai mambobin da ba su da shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan wutar lantarki a Najeriya. Baɗi za mu taimaka musu da cike takardu, mu kuma koma masana'antun nan bayan hunturu don duba robar murafu da ƙura ta ci. Masu bashin kuɗin wata-wata su ga ma'aji kafin zama na gaba, domin da su za mu sayi giland da matosai na gwaji don bita.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya