Wasiƙa daga Tudun Wada zuwa Jidda

Assalamu alaikum, mutumin Jidda.

Ya aiki, ya iyali, ya zafin can? Ka gaida min Maman Hanifa da kyau. Na san ka ƙullace ni, tun Babbar Salla ban neme ka ba sai ɗan "ya gida" a WhatsApp. Na amsa laifina. Bari in sauke abin da ke cina.

COS ta fito, Malam, wato shaidar ɗaukar nauyi ta neman bizar aiki a Birtaniya! Ranar Talata bayan Azahar, ina tsakiyar wanke wa wani dattijo ciwon ƙafa a ɗakin maza, wayata ta yi ƙara a aljihu. Sai da na naɗe bandejin, na wanke hannu, sannan na duba. Wani asibiti ne a arewacin Ingila ya ɗauki nauyina. Abin dariya, ba ma takarda ba ce da za ka sa a firam ka rataya a falo, lamba ce kawai da za ka shigar wajen cike fom ɗin biza. Shekara biyu ina shan wuya a kan lamba. IELTS, jarrabawar Turanci, sau uku na zauna. Bakwai suke nema a sauraro da karatu da magana, shida da rabi a rubutu, kuma rubutun ne ya kayar da ni sau biyu. Ni fa, ni da na riƙa rubuta maka wasiƙun da kake kai wa waccan ta Unguwar Sarki lokacin muna makarantar jinya, kana cewa naka ne. Kar ka damu, ban taɓa gaya wa Maman Hanifa ba.

Babu wani dillali a tsakani. Ka san Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kada a je ana kwashe musu ma'aikatan lafiya, don haka asibitocinsu ba sa zuwa nan neman mutane, sai dai kai ka nema da kanka. Haka na yi ta tura takardu ta intanet har na daina ƙirgawa. Ranar ganawar bidiyo aka ɗauke wuta saura minti goma, na kwasa a guje zuwa shagon Dogo, na zauna tsakanin buhunan sukari da kwat a sama, silifas a ƙasa. Har yau Dogo cewa yake albarkar janaretansa ce, wai yana da kaso a albashin farko.

Yanzu wata uku gare ni in nemi bizar kafin lambar ta mutu. Jibi zan bi jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, in je gwajin tarin fuka a Abuja, don ba a karɓar na kowane asibiti sai wanda suka amince da shi. Fam 1,270 ɗin da ake so a gani a asusun mutum na kwana 28, asibitin ya tsaya min a kai, in ba haka ba da sai na sayar da babur ɗina har da na maƙwabci. Kuɗin lafiyar da baƙi ke biya kuma na fam 1,035 a shekara an ɗauke wa masu bizar aikin lafiya. Alhamdulillahi.

To amma wallahi tun Talatar nan barcina ya ragu. Kai ka fi ni sanin kafil, shekara shida igamarka tana hannun mutum. Na sha yi maka tsiya ina cewa an ɗaure ka kamar ragon layya, ashe igiyata tana nan ana tufka ta. Bizar nan da sunan asibitin take. Daga ranar fara aiki, cikin mako 12 sai na zauna OSCE, jarrabawar aiki a gaban masu duba ka, kuma cikin wata takwas lallai NMC, hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta can, ta yi min rajista. In ban samu ba, asibitin ya janye hannu. In ya janye, kwana 60 ake ba mutum ya nemo wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara. Shekara tara ina sa wa mutane ruwa a jijiya cikin hasken tocila, yanzu mutum-mutumin roba za a kwantar min a gado a ga ko na iya wanke hannu. Kuma a kwantiragin akwai layin da ya ce in na bar su kafin wa'adi zan biya kuɗin jirgi da na jarrabawa. Na karanta shi ya fi sau goma, bai canja ba.

Abin da ya ƙara tsorata ni shi ne yaron Baba Ƙarami. Ka tuna a 2023 aka sayar da filin Rigachikun aka ba wani dillali kuɗin, ya samo masa COS ta kula da tsofaffi. Ya isa can ya tarar babu aiki, sai awa kaɗan a mako, daga baya aka ƙwace lasisin kamfanin gaba ɗaya. Alhali ba a sayar da COS, mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗinta. Ƙofar ma an rufe ta: tun Maris 2024 aka hana masu wannan aiki tafiya da iyali, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko su daga waje. Amma makon jiya a majalisar Kawo na ji wani yana rantsuwa yana da hanya, miliyan kaza kawai. Na buɗe baki zan yi magana, Dogo ya taka min ƙafa, ashe surukin mai shayin ne.

Af, Ɗan Bariki ya ƙara aure! Ta uku. Mutumin da har yau bai biya ka kuɗin ankon bikinsa na farko ba. An ɗaura a Malali, an ci shinkafa, ya yi ta tambayarka, ina jin turare yake so.

Maman yara ta sani, har ta fara zagaya Kasuwar Barci neman rigunan sanyi na gwanjo, don nas yana iya tafiya da iyalinsa, ko da yake ni zan fara yin gaba. Hajiya ce ban gaya wa ba. Ni ke duba mata hawan jini duk Juma'a bayan masallaci, ni ke karanta mata takardar magani, in wani ya auna ta cewa take na'urarsa ƙarya take yi. Sau biyu ina zuwa da niyya, sai ta zubo min tuwo da miyar kuka ta hau labarin rufin ɗakinta da ke yoyo, in cinye in tashi. Yaya Babba ya ce in bari sai bizar ta fito. Ni kuma ina tsoron ta ji a bakin matan unguwa, ka san Inna Lami ba ta riƙe magana ko ta kwana ɗaya.

An kira Magariba, zan tsaya nan. Wani maƙwabcinmu zai zo Umara ƙarshen wata, zan ba shi kilishi da yajin da ka ce. Ka turo min lambar takalmin Hanifa, na manta ko 28 ne ko 30.

Naka,
Na Tudun Wada