Jirgin Da Ya Fi Sauti Gudu: Wa Zai Hau, Wa Zai Sha Ƙarar?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe dan Allah a bani ɗan fili in faɗi albarkacin bakina akan maganar da ake ta yayatawa cewa jiragen fasinja masu gudu fiye da sauti sun kusa dawowa. Ni mai son harkar jirage ne sosai, kuma wallahi ina so su dawo ɗin, amma yadda ake kawo labarin kamar gobe da safe kowa zai sayi tikiti shine yake damuna, dan an taɓa yin irin wannan jirgi a duniya mai suna Concorde, yayi shekara 27 yana aiki sannan ya mutu, kuma abinda ya kashe shi har yau yana nan.

Tun 14 ga Oktoba 1947 Chuck Yeager ya wuce saurin sauti da jirgin gwaji Bell X-1, kaga shi gudun kansa ba sabon ilimi bane. A 1962 Ingila da Faransa suka sa hannu suka haɗa kuɗi suka fara ƙera Concorde. Tarayyar Sobiyat ma ta shiga tseren har ta riga su tashi, jirginta Tu-144 ya tashi ranar 31 ga Disamba 1968, shi kuma Concorde sai 2 ga Maris 1969 a birnin Tulus na Faransa. Na Sobiyat ɗin baiyi ƙarko ba, ɗaya ya faɗo a bikin nunin jirage na Paris a 1973, da aka sa shi jigilar fasinja tsakanin Mosko da Alma-Ata a 1977 kuwa sau 55 kacal yayi aka dakatar. Amurka ita tun 1971 majalisa ta yanke kuɗin ƙera nata jirgin, Boeing 2707, bai ma taɓa tashi ba.

Shi dai Concorde gaskiya abin a tsaya a kalla ne. Yana ninka saurin sauti sau biyu, wajen kilomita 2,180 a awa ɗaya, a tsayin ƙafa 60,000 inda fasinja yake ganin sama tayi duhu-duhu da rana tsaka kuma yana iya hango lanƙwasar duniya ta ƴar ƙaramar tagar nan. Saboda gogayya da iska hancin jirgin yana ɗaukar zafi har digiri 127, jikinsa ya miƙe ya ƙara tsawo da wajen santimita 20, har gibi yake buɗewa a gefen allon injiniya a ɗakin matuƙa wanda hannu zai shiga, in ya sauka ya huce gibin ya rufe. Hancin ma lanƙwasa shi ake ƙasa lokacin tashi da sauka dan matuƙi ya ga titi. Landan zuwa Niyok awa uku da rabi, kuma a 7 ga Fabrairu 1996 yayi Niyok zuwa Landan cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59. A 30 ga Yuni 1973 ma masana sun hau shi sun bi inuwar husufin rana ta saman Sahara, suka yi minti 74 cikin duhun husufin sannan suka sauka a Chadi. Duk wanda yace baya sha'awar irin wannan aiki toh bai san shi bane.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarar nan sau ɗaya jirgi yake yinta, wai lokacin da ya keta saurin sauti. Ba haka bane. Muddin yana gudu fiye da sauti iskar dake gabansa bata samun damar kaucewa, sai ta dunƙule ta zama wata igiyar matsi da jirgin yake ja a bayansa, duk garin da ya bi ta kansa sai sunji dum-dum kamar tsawa ta faɗo, kuma faɗin wurin da ƙarar take sauka ya kai kilomita da dama hagu da dama. A 1964 gwamnatin Amurka ta gwada abin akan mutanen birnin Oklahoma, sau 8 a rana har wata shida, koke-koke dubbai suka shigo, ga fasassun gilasai ga tsagewar bango. A 1973 suka haramta wa jiragen farar hula gudu fiye da sauti a saman ƙasarsu. Malesiya ma a 1977 ta hana Concorde bi ta samanta bayan zuwa uku kacal a hanyar Landan zuwa Singafo. Shikenan jirgin ya koma kusan bashi da hanya sai ta kan teku.

Sai batun mai. Lita wajen 25,000 yake sha a awa ɗaya dan ya ɗauki mutum 100, alhali Boeing 747 da ya fara aiki a 1970 yana kwasar sama da 350. Farkon 1973 kamfanonin jiragen Amurka Pan Am da TWA suka janye odarsu ta Concorde, ƙarshen shekarar kuma farashin mai ya haukace, sauran kamfanoni duk suka watse. Guda 20 kawai aka ƙera, 14 suka yi aikin fasinja, British Airways da Air France kaɗai, tun daga 21 ga Janairu 1976. Kuɗin ƙera shi talakan Ingila da na Faransa ne suka biya da harajinsu, amma tikitin zuwa da dawowa ya kai dala 10,000 ko fiye, wato wanda ya biya daban wanda ya hau daban. Wannan shine abinda yafi ci mani rai a duk tarihin.

Hatsarin 25 ga Yuli 2000 kusa da Paris, inda tayar jirgin ta taka wani ƙarfe a titi ta fashe tankin mai ya huje wuta ta kama, mutum 113 suka rasu, ya girgiza kowa. Amma jirgin ya dawo aiki a 2001, abinda ya ƙarasa shi ƙarancin fasinja ne da tsadar gyara, ranar 24 ga Oktoba 2003 yayi jigilarsa ta ƙarshe.

Toh yanzu me ya canza? Akwai abin a yaba, ba zan ɓoye ba. Kamfanin Boom na Amurka ya wuce saurin sauti da ƙaramin jirgin gwajinsa XB-1 a 28 ga Janairu 2025, kuma sunce ƙarar bata iso ƙasa ba, saboda in jirgi yana can sama sosai kuma bai wuce sautin da yawa ba, bambancin zafin iska yana lanƙwasa ƙarar ta koma sama. Hukumar sararin samaniya ta Amurka NASA da kamfanin Lockheed Martin kuma sun ƙera X-59 mai dogon hanci siriri dan ƙarar ta zama ɗan ƙwanƙwasa maimakon tsawa, ya fara tashi a Oktoba 2025. A Yunin 2025 shugaba Trump ya sa hannu a umarnin a cire haramcin 1973. Sai dai babban jirgin da Boom yake alkawari, Overture, mai ɗaukar mutum 64 zuwa 80, injin shine matsalarsa, kamfanin ƙera injin jirage Rolls-Royce ya fita daga aikin a 2022 dole suka koma ƙera nasu, kuma ƙera sabon injin jirgi a samu lasisi aiki ne na shekaru da maƙudan kuɗi. Kamfanonin jirage United da American sunyi oda, eh, amma Concorde ma ai an yi masa oda da yawa kafin a janye. Kamfanin Aerion ma ya sha talla ya rufe a 2021 bai tashi jirgi ko ɗaya ba.

Roƙona ga jaridarmu shine duk lokacin da za'a kawo labarin nan a haɗa da tambayoyin da kamfanonin basa so. Lita nawa zai sha akan kowane fasinja, a wannan zamani da ake kukan ɗumamar yanayi? Tikitin nawa ne, kuma aljihun wa zai ɗauki asarar in abin ya rushe? Sannan wanda yafi damuna, in ƙasashe masu ƙarfi suka ce ƙarar tayi yawa a kan gidajensu, kada a wayi gari an karkatar da hanyoyin ta kan ƙasashen da basu da bakin magana, ace ai hamada ce ko daji ne, alhali akwai mutane da dabbobinsu a wurin. Hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, ita ce take tsara ƙa'idar ƙarar jirage ta duniya kuma kusan kowace ƙasa tana da kujera a ciki, ya kamata ƴan jarida su matsa wa wakilan ƙasashensu su faɗi matsayinsu tun yanzu kafin a gama rubuta dokar.

Nagode da wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu