Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kafin Tafiyarsa Atina

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ƙanwarka ta shaida mini cewa makarantarku za ta kai ku Atina, babban birnin Girka, inda ɗan jagora zai zagaya da ku kangon Akrofolis, tudun tsofaffin gine-ginen birnin. Ban ji daɗin tsintar labarin a bakin wani ba, amma ban hana ka ba, domin ginin Fartanon da ke kan tudun, wanda aka aza harsashinsa a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tashi daga ɗakin gunki ya koma coci, daga baya Turkawa suka mai da shi masallaci, ya isa a je a gani. Ka tambayi jagoran yadda albarushin da aka ajiye a cikinsa ya tarwatsa shi a 1687.

Abin da ke hana ni barci shi ne hannunka. Tun kana yaro ba ka zuwa wuri ka dawo aljihu wayam, kuma ba sai na tuna maka abin da ya faru a gidan kawunka ba. A can ɗaukar kayan tarihi laifi ne a ƙarƙashin dokarsu, ko da ɓarɓashin farin dutse ne da bai wuce ƙwayar goro ba. Masu gadi suna tsaye da usur a baki, igiya kawai za ka tsallake su busa. Mutanen da har yau suke neman Birtaniya ta dawo musu da sassaƙen da Elgin, jakadanta na lokacin, ya fara kwashewa daga wurin a 1801, kana zaton za su ɗaga wa ɗalibi baƙo ƙafa? Ka san abin da aka sayar kafin ka hau jirgi, ba kuma don a kira ni daga ofishin 'yan sanda aka sayar ba. Za ka ce tsananina ya yi yawa, to ka faɗa, ni na haife ka.

Sauran kuwa mai sauƙi ne. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, domin sawun jama'a ya goge duwatsun hawan har suna santsi. Ka riƙe ruwa da malafa, tunda zafi ya sa an riƙa rufe wurin da tsakar rana a bazarar 2023, kada kuma ka rabu da ayarinku. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce hoto ya ishe ta tsaraba. Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.