A Bar wa Ciyawa Rabin Ganyenta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in tofa albarkacin bakina kan batun wuraren kiwo. Tun da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, maganar da ta fi yawa a bakin jama'a ita ce ta faɗin fili: hekta nawa aka keɓe, wa ya nome burtali, ina za a gina madatsar ruwa. Duk wannan yana kan hanya, sai dai ban ji ana tambayar halin da ita kanta ciyawar take shiga ba bayan bakin dabba ya bi ta kanta, alhali a nan ne gandun kiwo yake rayuwa ko ya mutu.

Da ganye ciyawa take haɗa abincinta daga hasken rana da iska da ruwa, saiwa kuwa tana cikin ƙasa, abin da ganye ya aiko mata da shi take dogara. Idan dabba ta ci saman ganyen ta bar kore mai yawa, ragowar yakan ci gaba da aiki, toho ya biyo baya cikin kwanaki kaɗan. Idan kuwa aka gwaguye ta har ƙasa, dole ta koma kan ɗan abin da ta adana a gindi, ta tsayar da girman saiwa domin ta fitar da sabon ganye. A 1955 wani masani na ma'aikatar gona ta Amurka mai suna Franklin Crider ya auna wannan, ya tarar cewa cire rabin ganye ko ƙasa da haka bai cika taɓa saiwa ba, amma da aka cire kashi 80 zuwa 90 cikin 100 sai saiwoyin suka daina girma gaba ɗaya na kusan mako biyu ko fiye. A ƙasarsu ya yi gwajin, amma duk wanda ya tumɓuke tushen gamba a bakin mashaya, ya kwatanta shi da na gefen gonar da ake tsaro, zai ga hukuncin bai canza ba a ƙasarmu.

Gwaguya sau ɗaya ba ta kashe gamba. Abin da ke kashe ta shi ne a dawo kan sabon tohon kafin ta mayar da abin da ta kashe wajen fitar da shi. Wannan kuwa shi muke yi kowace shekara a farkon damina, lokacin da shanu suka fito daga wahalar bazara da yunwa, ciyawa kuma ta fara leƙowa. Ba na ganin laifin makiyayi a nan, domin mai garken da ya rame ba zai tsaya kallon kore ba. Amma toho ya fito a cinye, ya sake fitowa a sake cinyewa, saiwa tana ta gajarcewa, har ta kai idan ruwa ya ɗauke na kwana goma a watan Yuni ba ta iya kaiwa ga danshi. Tumaki ma sun fi shanu tsananta abin, saboda saniya da harshe take naɗo ciyawa ta fizga, tunkiya kuwa da leɓe da haƙori take yankewa dab da ƙasa.

Kyasuwa, wadda daga iri take fitowa duk shekara, tata matsalar tana ƙarshen damina: idan aka cinye ta ko aka yanke ta kaf kafin ta zubar da 'ya'ya, baɗi sai a neme ta a rasa. Inda waɗannan suka ja da baya, tafasa da tumfafiya da sauran abin da dabba ba ta damu da shi ba sukan gaje wurin, kamar yadda garmani ya mamaye wuraren kiwo da dama a yankunan Maraɗi da Damagaram. Daga nesa fili ya yi kore shar, saniya ta yini a ciki ta dawo ciki ba komai.

Manoma ma ba su tsira ba. Wanda ya zage ganyen dawa ya kai wa ragon layya, idan ya tsaya kan na ƙasa da suka fara bushewa bai yi asara mai yawa ba, amma idan hannunsa ya kai ga na sama lokacin da zangarniya take cika, daga rumbunsa ya ɗiba. Haka gawon da aka sare wa rassa duka da rani yakan rage 'ya'yan da awaki ke jira.

Shawarata ga sabuwar ma'aikatar da jihohin da ke da gandun kiwo irin na Kachiya a jihar Kaduna da Bobi a jihar Neja ita ce, kafin a kashe kuɗi wajen sayo irin ciyawa, a zauna da arɗo-arɗo da masu unguwanni a raba kowane gandu kashi-kashi, a riƙa tashin garke daga kashi ɗaya tun ciyawa tana da tsawon kamar taƙi guda, kada kuma a dawo sai ta huta mako huɗu zuwa shida da damina. Kowace shekara a bar kashi ɗaya ya zubar da iri. Domin a iya jinkirta shiga sabon toho, sai an tanadi harawa da karan dawa da dusa tun kaka, kuma a nan tallafin gwamnati zai fi amfani. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki kan ciyayin kiwo, saboda haka ya kamata a nemi masananta su fayyace tsawo da hutun da ya dace da kowane yanki, malaman gona kuma su kai bayanin ruga-ruga cikin Hausa da Fulatanci.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Funtuwa