Wasiƙa Kan Daren Mazembe da Inter

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da uwargida da yara, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, kuma na karanta shi har sau biyu. Abin da ya sa na zauna na rubuto maka da tsawo shi ne maganar da ka yi cewa wasan da Chelsea ta ci PSG 3-0 a Amurka ranar 13 ga Yulin 2025 shi ne wasan ƙarshe mafi ƙayatarwa da ka taɓa gani a gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi. Ban yi maka musu a kan kyawun wasan ba, amma ka tuna cewa ƙungiyoyin biyu duk na Turai ne, tsakanin Landan da Faris kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce a jirgin ƙasa. A wurina wasan da ya cancanci wannan suna shi ne wanda muka kalla tare a gidan kallon unguwarmu ranar 18 ga Disambar 2010, lokacin da TP Mazembe ta birnin Lubumbashi da ke Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta kara da Inter Milan a Abu Dhabi.

Wataƙila nisan gida ya sa ka manta yadda muka fara sanin Mazembe. A 2009 Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, muka yi ta murna kamar an riga an miƙa mana kofin, sai Heartland ta Owerri ta tare mu a wasan kusa da na ƙarshe ta yi mana cin da har yau ba na son tunawa. Ita Heartland ɗin ce Mazembe ta doke ta ɗauki kofin, saboda ƙwallon da ta ci a waje. Da shekara ta zagayo ta sake ɗauka, bayan ta zura wa Esperance ta Tunisiya biyar ba ko ɗaya a wasan farko. Saboda haka da suka tafi Abu Dhabi, mu dai mun san ba kanwar lasa ba ne, ko da yake ba su tafi da babban ɗan wasansu Tresor Mputu ba, wanda aka dakatar na shekara guda.

Sun fara da cin Pachuca ta Meziko ɗaya da nema. Amma wasan da ya girgiza duniya shi ne na kusa da na ƙarshe, inda suka ci Internacional ta Brazil, zakarar Kudancin Amurka, 2-0. Kabangu ya ci ta farko bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, Kaluyituka ya ƙara ta biyu saura minti biyar a tashi, mai tsaron raga Kidiaba kuwa ya zauna a ƙasa yana tsalle da mazaunansa, rawar da yaran layinmu suka yi mako guda suna kwaikwayo har wandunansu suka ƙoƙe. Tun daga 1960 da aka fara haɗa zakaran Turai da na Kudancin Amurka, wasan ƙarshe gadonsu ne su biyu, kuma ko bayan da FIFA ta buɗe gasar ga sauran nahiyoyi, babu wata ƙungiya daga waje da ta kai wannan matsayi sai a ranar.

Na san ba ka manta abin da ya same mu a daren wasan ƙarshen ba. An take wasa dab da magariba, muka fita masallacin bakin titi da niyyar mu yi salla mu dawo kafin wani abu ya faru, muka dawo muka tarar har an zura mana biyu: Pandev a minti na 13, Eto'o a minti na 17. Kai da kake ɗan Inter tun zamanin Obafemi Martins ka rasa inda za ka sa kanka, domin murna ta kama ka amma ka ga fuskokin mutanen da ke zaune a kan bencina. Daga nan Inter ta riƙe wasan a hankali irin na ƙungiyar da watanni bakwai kafin nan ta ci Bayern Munich a Madrid ta haɗa kofi uku a kaka ɗaya, Biabiany kuma ya rufe da ta uku a minti na 85. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Eto'o, ɗan Kamaru, ne ya yi mana ɓarnar, shi ne kuma aka zaɓa gwarzon gasar. Shi kansa kocin Inter, Rafael Benitez, bai yi mako guda a kan kujerarsa bayan ɗaukar kofin ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya kai Mazembe can, kuma ban ga wani sirri ba sai cewa shugabanta Moise Katumbi, wanda a lokacin shi ne gwamnan lardin Katanga, ya zuba kuɗin da ya sa 'yan wasa suka zauna shekaru suna buga ƙwallo tare har suka san juna. Kocinsu ma, Lamine N'Diaye, ɗan Senegal ne. A nan gida kuwa yaro ya yi kaka ɗaya mai kyau, kafin damina ta zagayo ya tafi. Enyimba ce kaɗai ta yi irin wannan ƙarfi da ta ɗauki kofin Afirka a 2003 da 2004, sai aka yi rashin sa'a a waɗannan shekarun biyu FIFA ba ta shirya gasar ba.

Za ka ce mini Raja Casablanca ma ta kai wasan ƙarshe a 2013, Bayern ta ci ta 2-0 a Marrakesh. Gaskiya ne, amma Raja ta shiga ne a matsayin zakarar ƙasar da ta karɓi baƙuncin gasar, ba da kofin nahiya a hannu ba. A sabon tsarin ƙungiyoyi 32 da kake yabo kuwa, Turai kaɗai ta kawo 12, su kuma huɗun Afirka, wato Al Ahly da Wydad da Esperance da Mamelodi Sundowns, babu wadda ta fita daga rukuni. A da wasa biyu ne tsakanin zakaran Afirka da wasan ƙarshe, yanzu sai ya buga shida, kuma da wuya ya kauce wa manyan Turai a hanya.

Gidan kallon nan an rushe shi an gina shaguna, amma mai shi yana nan, kuma duk lokacin da muka haɗu sai ya tambaye ni ko har yanzu kana Inter. Ka rubuto mini amsar da zan ba shi. Ka gaida uwargida da yara, mutanen gida duk suna gaishe ka.

Naka amini.