Ta yaya za mu rage wa Malama nauyi ba tare da mun ɓata mata rai ba?

Assalamu alaikum Hajiya. Muna gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Mu mata ne da ke koyarwa a wata Islamiyyar yamma a Agege, nan Legas, kuma maganar babbarmu, wadda duk unguwa ke kira Malama, ta sa muka rubuto. Mun sakaya sunanta don ba ta san da wasiƙar nan ba.

Malama tana da NCE da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, tana koyarwa a firamaren gwamnati ƙarƙashin LASUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Legas. Tun da aka kawo EKOEXCEL, tsarin jiha na inganta koyarwa a firamare, a 2019, a ƙaramar kwamfutar hannu malami ke nuna ya iso aiki, don haka babu halin makara. 'Ya'yanta huɗu. Maigidanta yana harkar tumatir da attarugu a kasuwar Mile 12, kafin asuba ya fita tarar motocin Arewa, saboda haka girki da wanka da kai yara makaranta duk a wuyanta suke. Ta taso bayan azahar, daga la'asar zuwa magariba tana Islamiyya, bayan isha ta zauna duba littattafan ɗalibai. Wannan shi ne aikin da kowa ya sani. Wanda ba a biyan ta ko sisi a kansa ya fi shi yawa.

Babba a ciki shi ne lesin karatu. Ɗan Bahaushe a Legas yakan shiga aji ɗaya da Hausa kaɗai a bakinsa, ya tarar ana koyarwa da Turanci, ga Yarbanci da dokar jiha ta 2018 ta wajabta a makarantu. Sai ya yi shiru a bayan aji, a ɗauka daƙiƙi ne. Malama tana raba irin waɗannan yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba, rukuni bai wuce yaro 10 ba, zama bai wuce minti 40 ba. Da gaɓoɓin Hausa take farawa, ba be bi bo bu, domin Hausa yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, yaro yakan gane da wuri cewa harafi sauti ne. Sai ya iya haɗa kalmomi irin su baba da tuwo da kansa kafin ta juya shi zuwa Turanci. Inda abin ke lalacewa idan wata ta karɓe ta shi ne a koma biyawa cikin waƙa: aji ya ɗauka baki ɗaya, allo ya zauna a ka, amma idan an nuna wa yaro harafi a tsakiya ba bisa jeri ba, sai ya tsaya kallo.

Sai takardu. Mata da yawa a gida suke haihuwa, ba a karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba sai ranar sa yaro makaranta ta zo. Nan ne ake rubuta Muhammadu a takarda ɗaya, Mohammed a rajistar makaranta, Muhammad a NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa. Ba a ganin illar sai ranar cike JAMB, wadda tun 2021 ba ta yiwuwa sai da NIN. Malama tana da littafi guda da ta rubuta sunan kowane yaro da rubutu ɗaya tak da ranar haihuwarsa, daga nan ake kwafa duk inda za a cike fom.

Ita ce kuma tafinta a asibitin sha-ka-tafi. Ta haddace jeren rigakafi: na ranar haihuwa, na mako 6, 10 da 14, na ƙyanda da shawara a wata 9. Abu biyu ke katse shi a wajenmu. Ko dai uwa ta tafi Arewa wankan jego katin rigakafi ya ɓata, ta ɗauka sai an faro daga farko, alhali daga inda aka tsaya ake ci gaba. Ko kuma jariri ya yi zazzaɓi bayan allurar cinya, maigida ya ce an gama. Malama ce ke zuwa ta yi bayani a bakin zaure, kuma ana jin maganarta. Lokacin kwalarar watan Yunin 2024 gida-gida ta bi tana nuna haɗin ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, tana jan kunne cewa gishirin idan ya yi yawa cutar da yaro yake. Idan mace ta rasu, ko da tsakar dare ne, ƙofarta ake bugawa, don ita ta san wankan gawa da ƙa'idarsa, wutiri, da ganyen magarya, da kafur a na ƙarshe.

Hajiya, jikinta ya fara gazawa. An auna jininta a ranaku daban-daban ya haura 140/90, an ɗora ta kan magani, amma sai ta ji ciwon kai take sha, wanda kin san ba haka ake shan maganin hawan jini ba. Muryarta tana yawan dishewa. Babbar 'yarta da ke aji uku na ƙaramar sakandare ta zama uwar gida ƙarfi da yaji, sakamakonta yana ja da baya, kuma wannan ne ya fi ci mana rai, a ce ana ceto 'ya'yan unguwa tata tana nitsewa. Maigidan bai hana ba, mutumin kirki ne, amma ya rage magana. Ga kuɗin mota: tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 raka mara lafiya zuwa asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ya zama ɗawainiya, kuma da yake an hana acaɓa a Mushin, yankin da asibitin yake, tun 2022, sai danfo da keke cikin cunkoso, yini ya tafi. Duk daga albashinta.

Tsarin da muka zana shi ne a raba aikin huɗu, karatu, takardu, asibiti da jana'iza, kowanne mata biyu, su bi ta wata uku suna kallo kafin ta koma mai duba su kawai. A sayi waya ta kwamiti a daina kiran tata, kowane gida ya riƙa ba da N500 a wata don kuɗin mota, ba a fitar da ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu, sannan Lahadi ta zama tata da 'ya'yanta.

Ga inda muka cije. Ita tana ganin karɓar kuɗin mota zai rage mata lada, kuma duk maganar hutu tana jin ta kamar an ce ta gaza. Mutane kuma ita suka yarda da ita, ko an ba su wata lamba ƙofarta za su je. Littafinta, ban da sunayen yara, yana ɗauke da sirrin gidaje, wane ne ba shi da lafiya, wane ne ya kasa biya, ba kowa za a miƙa wa ba. Matasan matan da ke da ƙarfin aikin kuwa mazajensu ba za su bar su fitar dare ba.

Don Allah ki haska mana. Wa ya dace ya fara yi mata magana, maigidanta, ko liman, ko wata dattijuwa da take jin nauyinta? Idan ta wajen maigidan za a bi, yaya za a yi kada ta ga kamar an kai ƙararta? Muna son ki tambayar mana malamai ko mayar wa mai aikin sa-kai kuɗin da ya kashe yana taɓa ladansa, don idan amsar ta fito daga bakinsu za ta saurara. Wane ɓangare na littafin za a kwafa, wanne zai zauna a hannunta? Kuma shin mu yi rajistar ƙungiya da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don buɗe asusun banki tun yanzu, ko mu bari tsarin ya zauna tukuna? Maganar yarinyar ce ta fi gaggawa, don jarrabawar kammala aji uku a ƙarshen shekarar karatun nan take.

Wassalam. Daga ƙannenki malaman Islamiyya, Agege, Legas.